Zuwa ga Farin Gidan Gilashi na Bakin Titi, Toranke

Ranka ya daɗe,

Ni ne yaron nan da ya yi ta zagaya ka da igiyar awo ranar Asabar, har maigadi ya ɗauko gora. Ɗalibin zanen gine-gine ne ni a Wudil. Malaminmu ya ce kowa ya nemo gidan zamani ya yi masa gyara a takarda, sai ƙuri'a ta faɗa kanka.

Na binciko asalinka. Kakanka shi ne Villa Savoye, wanda Le Corbusier ya kammala a Poissy ta Faransa a 1931, fari fat, tsaye kan ginshiƙai, ga shimfiɗaɗɗen rufi, ga dogayen tagogi. Abin da ba a gaya wa Alhaji mamallakinka ba, kakan nan naka ya sha yoyo, har uwargidan ta gaji da rubuta wasiƙun koke. Barewa kuwa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Maigadi ya ce da daminar bara bokiti shida aka jera a falonka, har da robar wanki.

Gilashinka na yamma fa? Da la'asar a watan Afrilu, ba wuta, ba iska, ana iya gasa gurasa a kan kujera. Da idona na ga Alhaji ya shimfiɗa tabarma a zauren maƙwabci, ginin tubali da azara, yana sharar barci.

Amma babban laifinka rashin zaure. Baƙo na yin sallama sai ga shi tsakiyar falo, Hajiya na neman mayafi a guje. Shi ya sa aka lulluɓe maka fuska da zanin gado mai furanni, kai da aka gina don a kalla.

To, a takardata na yi maka zaure da dakali, na sa shigifa a bayansa. Na toshe yamma da bango mai kauri, na bar ƴan ƙananan tagogi can sama, na huda maka ciki na fitar da tsakar gida da darbejiya guda. Rufin kuma na karkata shi, na sa indararo huɗu, ruwa ya san inda dare ya yi masa.

Ginshiƙan ƙasa ne kawai ban taɓa ba. Awakin unguwa sun riga sun kama wurin, kuma su kaɗai na ga suna jin daɗinka.

Naka mai biyayya,
Ɗalibi mai igiyar awo