Layar Kalmomin Sirri

Duk asusun da na shiga, sai wayata ta tambaye ni cikin ladabi ko Google ya adana mini kalmar sirrin, ni kuwa in danna "a'a". Ƙanena ya yi ta lallashi: "Yaya, idan ka yarda, ko waya ta ɓata, kana shiga Gmail a sabuwa za su dawo duka." Na ce masa ba zan damƙa makullin ɗakina ga wani yana zaune a Amurka ba, ban san uwarsa ba, ban san ubansa ba.

Dabarata ta fi tasu. Na rubuce kalmomin da ajami, na ninke takardar, baduku ya ɗinke ta da jar fata. Wane ɗan kutse ne zai kutsa laya?

Ranar da aka zare mini waya a adaidaita sahu, ko gezau. Na kai lambar NIN aka dawo mini da layina, na sayi wata wayar a Farm Centre, na iso gida ina taƙama. Laya ta ce ɗauke ni inda ka ajiye ni.

Ashe Hajiya ta tsince ta a ƙarƙashin matashi, ta rataya wa jaririnmu saboda kambun baka. Wai tun lokacin ya daina kukan dare. Ta ce ba za a farke ba sai a gaban malam, kada asiri ya karye.

Malam ya gyara tabarau, ya fara karantawa da ƙarfi, har da ƙira'a. Sadara ta farko sunan yarinyar da na nema kafin aurena ne, haɗe da shekarar haihuwarta. Ta biyu ma haka. Ta banki ma haka. Malam ya ce shi dai bai taɓa cin karo da wannan rauhaniyar ba. Uwargida daga bayan labule ta ce, "Allah ya gafarta Malam, ni na san ta."

Kuma ko ɗaya bai buɗe ba. Ajami ba shi da babban baƙi da ƙarami, ita kuwa waya ba ta yafe wannan. Alamar @ da na zana, Malam ya rantse hatimi ne.

Lambobin da aka riƙa turo wa layina su suka cece ni, aka sake sababbin kalmomi. Uwargida ce ta zaɓa, a kanta kuma suke ajiye. Jiya na roƙi ta banki, ta ce, "Maigida, mu fara gama maganar kuɗin anko."