Maki Biyu Cikin 120, Har Da Yankan Rago

Maƙwabcina Alhaji ya kwana uku bai leƙo majalisa ba. Muka zaci hawan jininsa ne ya motsa. Ashe ɗansa da ke karatu a Amurka ne ya bugo waya, bakinsa har kunne, wai ya ci maki 2 cikin 120 a wata gasar lissafi da ake kira Putnam.

"Biyu fa, Malam!" in ji Alhaji da na je gaishe shi. "Gona sukutum na sayar na tura shi. Yarinyar da ke mana tallan gyaɗa ma ta fi haka iya ƙirga."

Na ce ya yi haƙuri in ba shi labarin dodon da yaron ya kama kokawa da shi. Tun 1938 ake wannan gasa, ta ɗaliban jami'o'in Amurka da Kanada, yanzu kuma ana yin ta ranar Asabar ta farko a watan Disamba. Tambaya 12 ce, kowace tambaya maki 10. Babu littafi, babu kalkuleta, babu A, B, C, D balle mutum ya rufe ido ya yi canki-canka. Hujja ake so ka kafa daki-daki, masu duba takardun kuma ba su san "a taimaka wa yaro" ba: ko ka kusa cika goma, ko ka tashi da ɗaya, da biyu, ko ƙwai. A shekaru da dama, ɗalibin da ke tsakiyar jeri sifili yake samu ko 1.

Alhaji ya gyara zama. "To su ba sa shiri ne?"

Suna yi mana. Wata da watanni suna haɗuwa duk mako, suna gwabzawa da tambayoyin shekarun baya, wani ya kwana a kan tambaya ɗaya har asuba ba ta buɗe ba.

"A'a, shiri nake nufi," ya ce yana rage murya. "Ba wanda ya san malamin? Takardar ba ta fitowa da daddare?"

Na ce ba ta fitowa. Ya girgiza kai, cike da tausayin ƙasar da ta ci gaba amma ba ta san hanya ba.

Don in sanyaya masa zuciya na ce Richard Feynman ya shiga biyar na farko a 1939, daga baya ya ci kyautar Nobel. John Nash kuwa ya zauna gasar bai shiga biyar ɗin ba, shi ma ya ci Nobel a 1994. Duk wannan bai shiga kunnen Alhaji ba. Abu ɗaya ya riƙe: mai maki 2 yana iya zama gaban rabin waɗanda suka zauna.

Washegari sai ga shi a majalisa da babbar riga, ɗansa ya kayar da rabin Amurka. Kafin Laraba labarin ya isa wajen mata, an ce har gwamnati ta hana shi dawowa. Ran Juma'a aka yanka rago, mai sanarwa ya miƙe ya ce yaron ya zo na biyu a duk faɗin Amurka da Kanada.

Ni kaɗai a wurin na san inda biyun nan ta fito. Amma an zuba min tsoka uku da hanta, don haka na ce Allah ya ƙara basira, na ci gaba da tauna.