Kifi Na Ganinku, Masu Musu

Tun ban buɗe baki ba na san wasu sun riga sun taɓe nasu. Wai an shigo da wani shiri unguwa: mata su taru a ƙaramin asibiti ko a zauren mai unguwa, a auna damtsen yaro, a koya wa uwar daka busasshen kifi ta zuba masa a kunu, daga nan kuma a ja ta gefe a tambaye ta ko tana samun barci, ko akwai abin da ke cin ranta. Malam ya ji labari ya ce, "To, an fara. Jiya allura, yau kifi, gobe kuma sai su ce mu riƙa tambayar matanmu yadda suka kwana." Allah ya huci zuciyarka, Malam. Goben da kake tsoro ta riga ta iso, har ta sha ruwa.

Mu fara da kifin, tunda shi ya fi ba ku dariya. Kabawa, ku matso kusa, da ku nake. Tun 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyara Argungu, ake bikin kamun kifin da kuke taƙama da shi, har UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya a 2016. Dubban masunta su afka kogin Matan Fada da homa da gora, a fito da giwan ruwa mai girman mutum. A bikin 2020 wanda ya zo na ɗaya kilo 78 ya ciro. Madalla. Amma binciken lafiya na ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna cikin kowane yara 100 'yan ƙasa da shekara biyar a Jihar Kebbi, 66 sun tsumbure, tsayinsu bai kai na shekarunsu ba. A lokacin babu jihar da ta kai ta. Jigawa, mai fadamun Haɗeja, tana biye da 64. Ƙasar gaba ɗaya 37. Kada wani ya tare ni da cewa ba rashin kifi kaɗai ke tsumburar da yaro ba. Na sani, akwai talauci, akwai gudawa, akwai zazzaɓi da ruwan sha marar tsabta. Abin da nake tambaya shi ne, kifin ina yake zuwa? Na Yawuri da na Baga ana bandarsa a cusa a kwali a loda wa mota, sai Anacha, sai Legas. Ɗan abin da ya rage a gida kuma kowa ya san kwanon da yake faɗawa.

Ranka ya daɗe, maigida, kwanonka nake nufi. Tsoka taka ce, kai na uwargida ne in ta yi sa'a, yaro kuma a ɗiga masa romo a ce ya gode Allah. In an tambaya a ce ƙaya za ta maƙale masa. In an matsa a ce kada a saba masa da kwaɗayi, ya girma ya yi sata. Ni dai duk waɗanda suka kwashe dukiyar ƙasar nan ban taɓa jin an ce da garin kifi aka yaye su ba.

Hajiya kuma tana can tana jira na gama ta jefo nata: kifi da nono ba sa haɗuwa a ciki ɗaya, kuturta ke nan. Hajiya, ba ke kaɗai ba ce. Wani babban likita a Ingila, Jonathan Hutchinson, ya yi shekaru yana rantsuwa cewa ruɓaɓɓen kifi ke kawo kuturta, har ya rubuta littafi a kai a 1906, alhali tun 1873 Hansen na ƙasar Norway ya gano ƙwayar cutar da madubin likita. Ƙwayar cuta ce, ana ɗaukarta daga wanda ke da ita bayan doguwar cuɗanya, kuma maganinta kyauta ne. Ina zargin Fulani da Barebari ne suka ƙulla zancen, don kada ƙwaryar nonon wannan ta zauna kusa da bandar wancan.

Abin da ake koya wa matan nan ba wani siddabaru ba ne. Jariri ya sha nonon uwa zalla wata shida. Daga nan nonon bai isa shi kaɗai, kuma kunun gero tsura cika ciki yake yi, ba ya gina jiki. Sai a sami 'yan ƙananan busassun kifayen nan da ake kasawa a kasuwa, waɗanda mai kuɗi ke wucewa ko kallo bai yi musu ba. A tsince, a wanke, a shanya su bushe ƙayau, a ɗan soya sama-sama ba mai, a zuba a turmi a daka har da kai da ƙashi, a tankaɗe da rariya mai laushi. Cokali guda a kunu ko a faten wake. Ƙayar da ake tsoro ta zama gari, kuma ita ce ma ke ɗauke da sinadarin da ke ƙarfafa ƙashi da haƙori. Da yake ana cin ƙaramin kifi ɗungurungum, ana samun abin ƙarin jini da sauran sinadaran da ake zubarwa in an yanka babba an cire ciki da kai. Kitsen kifi kuma, musamman na teku irin wanda ake sayarwa cikin ƙanƙara ko gwangwani, yana da wani mai da ƙwaƙwalwa da idon jariri ke buƙata tun yana ciki. Ga shi ko wuƙa ba ya nema: shi da fara ne addini ya yafe wa yanka. Mai cewa tsada, mu yi lissafin abin da ya tafi a katin waya da lemun kwalba a satin nan, sannan mu dawo maganar.

Sai dai akwai inda mai musu ya fi ni gaskiya, kuma ba zan murɗe ba. Wasu 'yan kasuwa na fesa wa busasshen kifi maganin ƙwari don kada tsutsa ta ci, irin su Sniper, wanda NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalabensa a kasuwanni a 2019. Wasu ɓatagarin masunta na zuba Gamalin a ruwa kifi ya taso matacce su kwashe, duk da dokar kamun kifi ta 1992 ta haramta su da guba. Wasu na banda da roba da tsumma, kifi ya fito baƙi ƙirin da ɗaci. Matan da suka daɗe suna cefane suna cewa in ka ga tarin banda ko ƙuda ɗaya bai sauka a kai ba, ka ƙara gaba. A wuraren da ake wanke zinariya da zaiba kuma, gubar na shiga ruwa, ƙaramin kifi ya ci, babba ya cinye ƙaramin, ta yi ta taruwa a jikin babban. Shi ya sa ake ce wa mai ciki ta fi karkata ga ƙananan. Wato giwan ruwa a bar wa alƙalan gasa da masu ɗaukar hoto. To duk wannan wa zai faɗa wa uwa in ba a irin zaman da ake yi wa dariya ba?

Yanzu mu zo inda gizo ke saƙar. Da an tsaya kan kifi da Malam ya yi haƙuri. Tambayar barcin nan ce ta tsaya masa a wuya, domin a wurinmu lafiyar ƙwaƙwalwa mataki biyu gare ta: ko dai kana lafiya lau, ko kuma a ce sai asibitin mahaukata na Dawanau, sai na Kware, sai na Barnawa. Babu tsakiya. Alhali mafi yawan masu fama a tsakiyar suke, suna shara, suna girki, suna amsa sallama da "lafiya lau". Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu tasowa kusan mace ɗaya cikin biyar na shiga matsalar damuwa bayan haihuwa. Mu kuwa mun iya jego: ruwan zafi safe da yamma har kwana 40, kunun kanwa, ƙauri, yaji. Jiki dai ya sha gata, har ya wuce kima, tunda tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka alaƙanta yawan kanwa da zafin nan da ciwon zuciyar masu jego. Amma in yarinya ta yi shiru, ta daina cin abinci, tana kallon jaririnta hawaye na zuba ba dalili, sai Gwaggo ta ce kunyar ɗan fari ce. In abin ya daɗe a ce iska. In akwai kishiya a gidan, to an gama bincike.

Ban hana kowa addu'a ba, kuma masu shirin ma ba su hana ba. A yi addu'a, a kuma tambaye ta. Uwar da ranta ya dagule ba ta da kuzarin zama ta lallaɓa yaro ya ci cokali goma; ta ba shi biyu, ya kau da kai, ta ajiye. Binciken da aka yi a Pakistan da Indiya ya nuna 'ya'yan irin waɗannan iyaye sun fi faɗawa rama. Kun ga inda turmin kifi ya haɗu da tambayar barci.

Za ku ce ina likitocin? Babu su, kuma ku riƙe wannan ma a matsayin nasararku ta biyu. Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su kai 300 ba, ga mutane fiye da miliyan 200. Dokar da ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958 sai a Janairun 2023 Shugaba Buhari ya sa mata hannu. Amma ku ji abin da aka yi a Zimbabuwe. Wani likita, Dixon Chibanda, ya duba ya ga ba shi da abokan aiki, sai a 2006 ya ajiye benci a harabar ƙananan asibitocin Harare, ya horar da tsofaffin mata su zauna a kai. Mai damuwa ta zo, kaka ta saurare ta, su jera matsalolin, su zaɓi guda ɗaya su nemo mata mafita, a sake haɗuwa wani satin, har zama shida. Da aka gwada abin aka buga sakamakon a 2016, bayan wata shida kimanin kashi 14 cikin 100 na waɗanda suka zauna a bencin ne ke da sauran alamun ciwon damuwa, a rukunin da bai zauna ba kuwa kusan rabi. Benci fa, da kaka. Mai cewa kayan Turawa ne ya sani tun 1954 Farfesa Adeoye Lambo ya sauke marasa lafiya a gidajen mutanen ƙauyen Aro kusa da Abekuta, kowanne da ɗan'uwansa mai jinya, har yana aiki tare da masu maganin gargajiya. Turawan ne suka riƙa zuwa kallo.

Ku maza ma da kuke dariya, me kuke yi a majalisa daga la'asar zuwa isha'i? Wannan ya faɗi bashin da ya hana shi barci, wancan ya ce shi nasa ya fi, a yi shewa, a sha shayi, kowa ya tashi da sauƙi a ƙirji. Kun daɗe kuna shan maganin, suna ne kawai ba ku sa masa ba. Ita kuma tana cikin gida da yara biyar da bango huɗu.

Kada kuma wani ya tashi daga nan ya ce na ce tarwaɗa na maganin ciwon damuwa. Masana sun yi ta gwada man kifi a kan wannan, sakamakon bai tsaya waje ɗaya ba. Wadda abin ya yi wa tsanani, ta daina kula da kanta ko tana zancen mutuwa, asibiti za a kai ta a ranar, ba kasuwar kifi ba. Amfanin kifin a nan daban ne. Ba maigidan da zai bar matarsa ta fita don a ce za a duba ƙwaƙwalwarta. Dangi ma sai sun zo bin ba'asi. Amma a ce za a koya mata abincin da zai sa ɗansa ya yi ɓulɓul, har kuɗin mota zai bayar. Kifin tana ce a bakin ƙugiya, kuma ban ga laifin wannan su ɗin ba.

Saura masu shirya shirin, kada su ɗauka sun tsira. Mun san halinku. A kira taro a otal a Abuja kan yunwar yaran karkara, a ci farfesun kifi a raba jaka da hula, a zo ƙauye da farar mota a ɗauki hoto, shekara biyu kuɗin masu tallafi ya ƙare, a bar allon sanarwa yana tsatsa a bakin hanya. Ga Islamiyyun matan aure cike a kowace unguwa, ga ƙungiyoyi irin su FOMWAN da ke nan tun 1985, ga uwar adashi da ta san sirrin kowane gida, ga ungozoma da ke shiga ɗakin da ko likita ba ya shiga. Su za a horar, su za a nuna wa lokacin da magana ta fi ƙarfinsu sai a tura asibiti. Turmi akwai shi a kowane gida, tabarma ma haka. Kuɗin farfesun taro guda zai sayi buhunan ƙananan kifi da ban san adadin unguwannin da za su ci ba, kuma in kun rasa mai yi muku lissafin, uwar adashi ba ta kuskuren ko sisi.