Ragon Suna Ya Ƙare: Ƙa'idojin Girkin Ba-Nama Ga Maijego Da Angon Ƙarni

Duk gidan da aka yi haihuwa sai ya ratsa zamani biyu. Na farko zamanin daula ne: ƙauri na tafasa, ragon suna na rataye, kaji na shigowa daga dangin miji da na mata, har maijego na yamutsa fuska wai nama ya ginshe ta. Na biyu yana farawa ranar da gwaggon da ta zo zaman jego ta ɗaure kayanta, ta ƙulle ragowar soyayyen naman "don yara", ta hau mota. Daga nan sai ku uku: ke, maigida, da wani ɗan taliki da ko haƙori ba shi da shi amma shi ke yanke wa kowa lokacin barci. Kuɗin nama kuwa ya koma kuɗin famfas.

A Indiya miliyoyin mutane ba sa cin nama saboda addini, a Turai wasu na bari don lafiya, har kwas suke biya a koya musu. Mu nan aljihu ne ke yi mana wannan hidimar kyauta. Tunda abin ya zo, sai a karɓe shi da ilimi.

Ƙa'ida ta 1: Ku daina yi wa juna jaje

Najeriya ce kan gaba a duniya wajen noman wake, Nijar na biye da ita. Wato kuna zaune a hedikwatar abin da wasu ke nema ido rufe. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na busasshen wake furotin ne, sinadarin gina jikin nan da ake bin mahauci dominsa. Waken suya ma ya zarce, ya haura kashi ɗaya cikin uku. Ɗan abin da wake ya gaza a kai hatsi na cikewa, abin da hatsi ya rasa wake na da shi. Shi ya sa garau-garau, da ƙosai da koko, da alala da kunu duk cikakken aure ne, kuma kakanninmu ne suka ɗaura shi ba tare da sun shiga aji ba. Saboda haka in maƙwabciya ta tambayi abin da kuka ci, kada ki sunkuyar da kai ki ce "wake ne". Ɗaga haɓa ki ce, "Wallahi Maman Abba, kwanan nan muna kan tsari ne."

Ƙa'ida ta 2: A auna girki da barcin jariri

Agogo ba shi da sauran aiki a gidanku. Barcin jariri ne ma'auni, kuma iri uku ne.

Akwai barcin yaudara, wanda ke ƙarewa da zarar bayansa ya taɓa katifa. Wannan na fura da nono ne, ko ayaba da gyaɗa, ko gurasa da ƙuli da yankakken tumatir. Sharaɗin abincin wannan aji shi ne ya ciwu da hannu ɗaya, a tsaye, ana jijjiga.

Akwai matsakaicin barci, minti 15 zuwa 20. Nan ɗanwake ke sarauta. Ki ajiye haɗaɗɗen garinki a bokiti mai murfi: garin wake, garin alabo da kuka. Ɗora ruwa, kwaɓa da ɗan ruwan kanwa, jefa, in ya taso sama ki ba shi 'yan mintoci ki tsame. Man gyaɗa, yaji, albasa, tumatir, kabeji, dafaffen ƙwai. Sai dai ki sani, jarirai na da wata baiwa: suna jin motsin lomar farko ko daga ƙarshen gida. Ki sa a baki tukuna, sannan ki amsa kiran.

Sai barcin rahama, awa guda cur. In Allah ya kawo shi, kada ki ɓata shi a gaban murhu. Ki kwanta ke ma. Girkin awa guda na da mai shi, yana nan tafe a ƙa'ida ta 4.

Ƙa'ida ta 3: Kwaɗo ba abincin marmari ba ne

An daɗe ana raina kwaɗo, ana ɗaukarsa abin taɓa-ka-lashe na hira a tsakar gida. Ku ɗaga masa daraja. Dafaffen zogale a matse shi, a zuba dakakken ƙuli-ƙuli, albasa, tumatir, attaruhu kaɗan, mai da gishiri, a matsa lemun tsami. In da mai tallan dafaffen zogale a unguwa, girkin bai kai minti 10 ba, kuma ba a kunna ashana ba. Ganyen ya kawo sinadarin ƙarfe da bitamin A, ƙuli ya kawo furotin, lemun tsami ya taimaka wa jiki ya zuƙi ƙarfen. In zogale ya gundure ku, ga rama, ga tafasa, ga lansir. In an zuba garin kwaki ko an haɗa da dambu, ya tashi daga kwaɗo ya zama abincin rana mai lasisi. Gyaɗar da ta yi fumfuna ko ƙulin da ke ɗaci kuwa a zubar, tsimi bai kai nan ba, gubar da ke ciki hanta take ci.

Ƙa'ida ta 4: Angon ƙarni, ƙofar kicin ba ta cizo

Malam, an gode da rago, an gode da shaddar da ka sha ranar suna. Yanzu ga aiki. Tunda ƙarfe 2 na dare na samunka a farke kana zagaye ɗaki da yaro a kafaɗa, ka ratsa ka jiƙa wake. Jiƙaƙƙen wake ya fi saurin nuna, ya rage cin gas ɗin tukunya, in an zubar da ruwan jiƙon kuma ya rage ɗayan gas ɗin da ba a faɗa a gaban surukai. Ka tsince shi da kyau, ka san wake ɗaya ke ɓata gari, tsakuwa ɗaya kuma ke jawo a tuna maka ita har yaron ya shiga firamare.

Da safe ka ɗora shi da yawa. Rabi ya tafi garau-garau. Rabi ka mayar wuta da manja, albasa, jajjage, daddawa da yankakken dankalin Hausa, in ya yi laushi ka watsa alayyafo, minti 3 ka sauke. Sunansa faten wake, kuma kai ka yi shi. Abu uku ne haram a wannan aiki: leƙowa kowane minti kana tambayar "ina gishiri?", amfani da tukwane biyar a girkin tukunya ɗaya, da ɗaukar hoton faten ka tura wa abokai kafin maijego ta ci. Abin da ya rage, in babu wutar firji, a tafasa shi sosai kafin a sake ci. In ya fara yauƙi ko tsami, a yi masa sallama.

Ƙa'ida ta 5: Ku ɗauki 'yan sojan gona aiki

Ido ma yana cin abinci, kuma ido ya saba ganin tsoka a miya. Awara ce maganinsa. Kada ku ce za ku yi ta a gida, jiƙa da markaɗe da tata da dafawa aikin masu barci ne. Ku saya wurin mai tsafta, ku yanka ƙanana, ku jefa a miyar tumatir ko ta alayyafo. Daga nesa nama ce, daga kusa ma sai an tauna asiri ke tonuwa, lokacin kuwa an riga an yi bismillah.

Hanci kuma aikin daddawa ne. Ruwa, albasa, daddawar kalwa, citta, barkono da cokali biyu na garin wake, su tafasa har gafin waken ya fita, a kaɗa kuka, a ɗiga man shanu, a ɗumama tuwon jiya. Hausawa sun ce mai haƙuri yakan dafa dutse har ya sha romonsa. Ku lura da kyau, ko a wannan girkin ba a ambaci nama ba.

Ƙa'ida ta 6: Taliyar leda baƙuwa ce, ba matar gida ba

Za ta yi muku kirari da dare, ta ce minti 3 kacal. Ba a hana ku ba, amma gari ne da mai da gishiri. In ta kama dole, a zuba rabin ƙullin ɗanɗanon, a fasa ƙwai, a tura mata karas da kabeji har ta rasa gane kanta.

Ƙa'ida ta 7: Inda wasa ya tsaya

Mai shayarwa na buƙatar ƙarin abinci, wajen kalori 500 a rana bisa yadda ta saba. Wannan ba lokacin gyaran ƙugu ba ne. Kofin kunun gyaɗa tsakanin abinci da abinci, da ruwa a kusa duk sanda za a ba da mama.

Haihuwa na cin jini. Ƙarfen da ke cikin wake da ganye bai kai na nama saurin shiga jiki ba, don haka a raka shi da lemo, gwaiba ko ɗanyen tumatir. Shayi kuwa tare masa hanya yake yi, a ba shi tazarar awa guda da abinci. Ƙwayoyin ƙarin jini da aka bayar a asibiti na sha ne, ba na adon kan madubi ba.

Bitamin B12 babu shi a wake ko ganye. Yana cikin nono, madara da ƙwai, kuma jariri daga jikin uwa yake samu. Kada su yanke a gidan. Wadda ba ta cin ko ɗaya daga ciki ta gaya wa ma'aikatan lafiya.

Sai kunun kanwa. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan ciwon zuciyar masu jego da shan kanwa mai yawa haɗe da wankan tafasasshen ruwa da kwanciya a gadon wuta. Kanwa danginsu ɗaya da gishiri, tana tara ruwa a jiki ta ɗora wa zuciya kaya. Ɗan abin da ke cikin ɗanwake daban, kwano guda safe da yamma daban. In ƙafa ta kumbura ko numfashi na sarƙewa, asibiti za a nufa, ba a jira arba'in.

Shi kuwa jariri, mai gayya mai aiki, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce nonon uwa zalla har wata 6, ko ruwa ba ya buƙata. Zuma kuma sai ya shekara.

Ƙa'ida ta 8: Yadda ake sarrafa 'yan barka

Duk wadda ta ce "in da abin da kike so ki faɗa", ki faɗa. Kunya ba ta cika tukunya. Ki ce ta gyaro miki zogale, ko ta aiko da alala, ko ta riƙe yaron ki ci abinci da hannu biyu. Kayan jarirai masu lamba ɗaya sun riga sun cika akwati.

In kuwa Hajiya surukarki ta buɗe kwano ta juya cokali ta ce, "Yau miyar ba kowa a ciki?", kada ki ja dogon bayani kan furotin. Ki risina ki ce, "Ai Hajiya, ɗanki ne ya girka." Nan take miyar za ta zama mai daɗi, har ta nemi ƙari, ta kuma shaida wa dangi cewa tun yana yaro yake da hannun girki.

Ku riƙe waɗannan ƙa'idoji wata 6. Ranar da yaro ya fara zama, ku dama masa kunun gero da garin waken suya da gyaɗa, mai kauri, a tace da kyau. Cokali na farko zai furzo shi a fuskar babansa. Kada ku damu, ba girkin ya raina ba, sanarwa ce cewa gidan ya samu mai duba abinci na uku, kuma wannan ba ya karɓar uzuri.