Motar Rimot a Suki

Muna yara a Suki, motarmu ta karan dawa ce, tayoyinta na tsohon silifas, ƙarar injin kuma daga bakin mai ita. Yanzu da furfura ta fara leƙowa, na sayo mai rimot a kasuwar Sinnar, wai don ɗana. Har yau bai taɓa ta ba. Na ce sai ya yi hankali.

Sai dai ranar da na fita da ita, na manta baƙar lakar bakin Nilu da damina, wadda ko babbar mota ba ta ragawa. Tawa ko taku uku ba ta yi ba ta kafe, batir ya mutu.

Uwargida ta leƙo ta ce, "Malam, a kira yara su tura?"

Da igiya na jawo motar gida, kamar dai ta karan.