Aikin da ba ya da fansho

A duk ayyukan duniya, babu mai wahala irin zama kurtun mugu a finafinan jaruman talabijin na Japan. Tun 1971, da kamfanin Toei ya fara fitar da shirin Kamen Rider, sojojin ƙungiyar Shocker ke fitowa sanye da matsattsun kaya, fuska a rufe, suna ihun "Iii!", su yi wa jarumi zobe, sannan su riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya kamar masu layin karɓar albashi. Naushi guda ya isa. Mutum ya wuntsila sama, ya faɗi, shi ke nan. A farkon shirin har narkewa wasu ke yi, watau ko gawar ma ba a bar wa dangi ba.

Shi dai babban dodo ana karrama shi: yana da suna, yana yin jawabi, ya mutu cikin gagarumar fashewa. A jerin Super Sentai ma sau da yawa sai a tashe shi, ya zama ƙato ya fi bene tsawo, a sake kashe shi. Kurtu kuwa tartsatsin wuta kaɗan a ƙirji, kyamara ta wuce.

Waɗanda suka fi ban tausayi su ne kuratan shirin Zyuranger na 1992, waɗanda Amurkawa suka ara a Power Rangers. Da yumɓu ake gina su, a gasa a tanda. In an ragargaza na yau, mai ginin ya kwaɓa wani, mako mai zuwa a sake turo su wajen jarumai biyar na shirin.