Dangar da awaki suka yi sahur da ita

Bayan harin farkon Janairun 2022 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, jama'a suka kwararo garin Anka. Wasu suka sauka a sabuwar fadar sarki da ba a kammala ba, wasu a kangaye. A unguwarmu wani alhaji ya ba da aron fili mai ɗakuna ba ƙyaure, aka zuba mata da yara, muka yi karo-karo don a kewaye shi. Aka danƙa mini kuɗin, wai ni ne ɗan boko.

Bulo dai ba a ma fara zancensa ba. Kuɗin ba su kai ba, kuma katanga a filin aro kyauta ce ga mai fili. Zana ta yi tsada, don gamba a daji take, dajin kuwa yanzu yana da masu shi. Sai na kinkimo waya mai ƙaya ina taƙama, irin ta ma'aikatu.

Dattijuwar gidan ta dube ta, ta dube ni. "Ɗan nan, mun tsere ma ɓarayi, kai kuma gidan kaso za ka kai mu? Wanga abu yana tare ido in mutum ya kewaya?"

Ba ya tarewa. Na mayar, mai shago ya yanke ladan wahalarsa.

Na koma ga danga. Na sayi karan dawa masu ganye, don sun fi kyan gani, aka kafa dirkoki, aka ɗaure tanka, har hoto na ɗauka. Rani ne, ba ciyawa ko ta magani. Kafin asuba awakin unguwa sun yi sahur, jaki ya ƙarasa, kuma duk faɗin dangar nan ba su zaɓi ko'ina ba sai daidai makewayi.

Na toshe ɓarakar da tsohon langa-langa, ƙusa biyu. Da dare ina tsaye ina yaba aikina, iskar hunturu ta ɗaga shi ta maka da dirka. Tau! Tau! Mutanen da suka san ƙarar bindiga ko motsi ba su yi ba. Ni aka tsamo daga kwata da takalmi ƙafa ɗaya.

Washegari matan suka saro rassan aguwa daga bakin gonaki, suka caccaka a jikin dangar. Akuya ba ta kusantar ƙaronta, ita aguwar kuma ba ta son ban ruwa, ba ruwanta da ɗan boko. Ni kuma aka naɗa ni korar awaki har ta kama.

Da ambaliyar Agustan 2024 ta rushe gidaje a Gummi, wani abokina ya bugo daga can, wai ya ji ni gwani ne a harkar shinge. Na ce ya riƙe layi, na ruga neman Inna, dattijuwar nan.